SHARHI: Maraƙi ɗaya da ke cinye ribar garke, da aikin da ke jiran Vom

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi a Yulin 2024, aka kuma damƙa ta a hannun Idi Mukhtar Maiha, hankalin Abuja ya karkata ga burtali da wuraren kiwo da inganta irin shanu. Akwai kuma yarjejeniyar dala biliyan 2.5 da aka ƙulla da kamfanin nama na JBS na ƙasar Birazil a Nuwamban shekarar. Sai dai akwai wata cuta da ba a cika jin sunanta a tarukan ba, wadda za ta iya zaizaye ribar duk waɗannan tsare-tsare: zawon shanu da likitocin dabbobi ke kira BVD.

Sunan yana ruɗar mutane, domin zawo shi ne ƙaramin ɓarnarta. An fara gano ta a jihar New York ta Amurka a 1946. Babbar saniya kan kamu, ta yi zazzaɓi na 'yan kwanaki, ta warke. Matsalar tana ga mai ciki. Idan ƙwayar cutar ta shiga jikinta a watanni huɗu na farko, ko dai ta yi ɓari, ko kuma ta haifi maraƙin da jikinsa ya ɗauki ƙwayar tamkar wani ɓangare nasa, saboda ta riga garkuwar jikinsa zuwa. Irin wannan maraƙi ba ya warkewa har abada. Majinarsa da miyaunsa da fitsarinsa suna zubar da cutar kullum, idan kuma ya girma ya zama bijimi, har maniyyinsa. Wasu sukan tsumbure su mutu da wuri, wasu kuwa ba mai iya bambanta su da 'yan uwansu da ido.

A ƙasashen da aka auna, da wuya irin waɗannan dabbobi su wuce ɗaya ko biyu cikin ɗari. Amma ɗayan nan ya isa ya jawo ɓari da rashin ɗaukar ciki, ya kuma raunana garkuwar sauran maruƙa har ciwon huhu ya samu ƙofa. Makiyayi zai ga haihuwa ta ragu, ya ɗora laifin a kan ƙarancin ciyawa.

Gwajin ba shi da wahala. Ana yanko ɗan guntun kunne a kai ɗakin bincike. Idan an ga ƙwayar, sai a sake bayan mako uku, don a raba mai ciwon wucin gadi da mai ɗauke da ita tun daga ciki. Suwizalan ta fara gwada dukkan shanunta a 2008, Jamus ta wajabta gwajin a 2011, Ireland a 2013. Dukkansu sun dogara ne ga rajistar da ta san kowace saniya da lambarta, abin da Najeriya ba ta kai gare shi ba tukuna.

Nan ne Filato ta shigo. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana Vom, kusa da Jos, tun 1924, kuma ita ce ta yi ta samar da allurar da aka yaƙi cutar bushiya da ita, kafin a ayyana kawar da ita daga duniya a 2011. Ga ɗakunan bincike, ga kasuwar kara ta Bukuru a maƙwabtaka, ga kuma gandun kiwo na Wase a cikin jihar. Da wuya a samu wurin da ya fi wannan dacewa da gwajin farko.

Kuskure ne a yi yunƙurin kwaikwayon Suwizalan kai tsaye. Shanun da ke haɗuwa a mashaya ɗaya, su yi rani a Benuwai su yi damina a kan tsauni, ba za a tsarkake su garke-garke ba. Inda kuɗi zai yi amfani shi ne ƙofar shigowa: duk maniyyi da bijimi da karsanar da za a shigo da su daga waje, da duk dabbar da gwamnati za ta raba da sunan inganta iri. A nan ma akwai tarko. Karsana mai ciki tana iya tsallake gwaji lafiya lau, alhali ɗan da ke cikinta yana ɗauke da cutar. Takardar shaidar uwa ba ta wanke ɗa. Dole a jira haihuwa a gwada shi kafin ya shiga garke. Jami'in da ke rubuta sharuɗɗan kwangilar sayen shanu, ko a ma'aikata ko a ƙarƙashin shirin L-PRES na dala miliyan 500 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2022, layi ɗaya kawai yake buƙatar ƙarawa.

Tambaya mafi nauyi ita ce makomar maraƙin da aka kama. Cutar ba ta kama mutum, don haka mahauta ce ta dace da shi. To amma idan babu diyya, mai shi zai kaɗa shi zuwa kara, wani ya saya ya kai garkensa, gwajin da aka yi don daƙile cutar ya zama hanyar yaɗa ta. Kuma makiyayin da kakanninsa suka san ƙidayar shanu da sunan jangali ba zai miƙa kunnen maraƙinsa ga jami'in gwamnati ba sai ya ga abin da zai samu. Kuɗin kayan gwaji da kuɗin diyya, a layi ɗaya na kasafin ma'aikatar ya kamata su zauna.