Kafin Ɗanmu Ya Zana Tutar Ƙasa A Dantsensa

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan karo shi ne tambayar da wani saurayi ya yi wa dattawan ikilisiya a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Funtua. Wansa soja ne, ya rasu a bakin daga a Borno. Shi kuma yana so a yi masa zane a dantse, irin wanda ba ya gogewa, wanda samari ke kira tatu: tutar Nijeriya da sunan marigayin a ƙarƙashinta. Yana kuma shirin neman aikin soja da zarar an fara ɗauka. Sai ya roƙa a taya shi zaɓen zane mai ma'ana.

Kada kowa ya yi wa yaron nan dariya ko tsawa. Ƙaunar ɗan'uwansa ce da ƙaunar ƙasarsa suka sa shi magana. Zane a jiki ma ba baƙon abu ba ne gare mu. Iyayenmu da yawa suna da askar gidansu a fuska, kakanninmu mata kuwa wanzami ya yi musu jarfa don ado. Aikin soja ma ba baƙo ba ne. Tun 1924 ake horar da kurata a Zariya, maƙwabciyarmu, kuma barikin nan na Chindit ya samo sunansa ne daga rundunar da sojojin Nijeriya suka yi yaƙi a cikinta a dajin Burma a 1944. Mu ma da muke tsiraru a wannan yanki mun ba da 'ya'yanmu, wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba.

Duk da haka shawararmu ita ce ya dakata. Dalili na farko, zanen nan zai iya rufe masa ƙofar da yake so ya shiga. Sanarwar ɗaukar kurata takan faɗa a fili cewa ba a son mai zane ko rubutu a jiki, kuma a wurin tantancewa ana tuɓe riga a duba. Sababbin ƙa'idodin aikin soja da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Disamba 2024 ma sun hana sojan da ke bakin aiki yin tatu. Ina amfanin yaro ya zana tuta a fata, a sallame shi tun ranar farko saboda ita?

Dalili na biyu, lafiya. Allurar da aka soki wani da ita, in ba a tsabtace ta ba, tana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau. Goge zanen daga baya yana da tsada da zafi, ya kan kuma bar tabo. Iyaye su lura cewa dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana yi wa yaro zane ko tsaga a jiki.

Na uku, maganar bangaskiya. Littafin Firistoci 19:28 ya hana Isra'ilawa tsaga jiki domin matattu da yin zane a fata. Masu bi sun bambanta a kan ayar. Wasu na ganin ta shafi al'adun bautar gumaka na wancan zamani, wasu kuwa na riƙe ta har yau. Ba mu zo mu yanke wa kowa hukunci ba, kuma duk wanda ya riga ya yi zane, majami'a gidansa ce. Amma abin da zuciyar mutum ke shakka a kai, gara ya nemi fastonsa su yi addu'a kafin a kai ga allura.

To, idan babban mutum ne da ya gama aikinsa na soja, ya yi tunani, ya ce lalle sai ya yi? Sai mu ce ya zaɓi abin da zai iya bayyana wa jikansa ba tare da kunya ba. Kore a tutar da Taiwo Akinkunmi ya tsara a 1959 yana nufin albarkar noma, baƙar garkuwar tambarin ƙasa kuwa ƙasa mai yalwa ce. Manomin masara da auduga ya fi kowa sanin ma'anar waɗannan. Ya guji bindiga da ƙoƙon kai. Wanda bai taɓa sa kaki ba kada ya ɗauki tambarin bataliyar da bai yi wa aiki ba, domin wasu ne suka biya shi da jini. A yankin da 'yan bindiga suka addabi Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, alamar soja a dantse tana iya jawo wa matafiyi mutuwa idan aka tare hanya.

Ga abin da muka fi so ikilisiyoyinmu su yi. Ranar 15 ga Janairu ta kowace shekara ƙasa na tunawa da mazan jiya, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. A Lahadin da ta fi kusa, a karanta sunayen 'ya'yanmu da suka kwanta dama a bakin aiki. A yi baiko na musamman domin gwaurayen sojoji da marayunsu, kamar yadda Yakubu 1:27 ya koya mana. Zumuntar Mata ta ziyarce su. Matasa su yi musu gayya a gona da damina, ko matar ta majami'a ce ko ta masallaci, gama mazajensu tare suka tsaya a rami ɗaya.

Saurayin nan kuwa, mun ce masa ya rataye hoton wansa a ɗaki, ya ɗauki nauyin littattafan makarantar ɗan marigayin, ya tafi wurin tantancewa da fatarsa yadda Allah ya halicce ta. Ubangiji ya ta'azantar da gidansu, ya tsare sojojinmu, ya ba ƙasarmu salama. Amin.