Dutse a gindin taya ba birki ba ne

Duk wanda ya saba shiga tashar mota a ƙasar nan ya san wannan al'ada. Direba na tsayawa, yaron mota zai diro da gudu ya nemo dutse ko guntun katako ya cusa a gindin taya. Weji ke nan. Abin ya zama jiki har ba mai tambayar dalili. Dalilin kuwa sau da yawa ɗaya ne: birkin hannu, wanda direbobi ke kira hambirek, ya daɗe da mutuwa, mai motar kuma bai ga buƙatar gyara shi ba.

Masu motocin gida ma ba su tsira ba. Za ka ga mutum ya kashe kuɗi wajen fenti da esi da sababbin rigunan kujeru, amma in ya ja birkin hannu sai sandar ta miƙe tsaye, motar kuma ta ci gaba da silalewa. A ganina, wannan sakaci ne da ya kamata mu daina yi wa uzuri, domin gyaran yana daga cikin mafi araha a jikin mota, kuma wanda sakacin ke cutarwa galibi ba ya cikin motar. Yaro ne da ke wasa a ƙofar gida, ko mai talla a bakin titi, ko mai faci da ya durƙusa a gefen taya.

Birkin ƙafa da mai yake aiki. In ka taka, famfo ya tura man birki ta bututu zuwa tayoyi huɗu. Ranar da bututu ya fashe ko man ya tsiyaye, ƙafarka tana iya nutsewa har ƙasa ba abin da ya kama. Shi kuwa birkin hannu kebur ne na ƙarfe da ya taso daga sandar da ke gefen direba, ko ɗan fedar da ke ƙafar hagu a wasu motocin, ya tafi tayoyin baya. Ba ruwansa da mai, ba ruwansa da ko inji na aiki. Da gangan aka raba su, don kada matsala ɗaya ta kashe duka biyun. Wanda ya bar shi ya lalace ya mayar da motarsa mai birki ɗaya tak.

Na san amsar da ake bayarwa: "Ai ina barin ta a giya." Giya na taimakawa, amma ƙarfin matsewar inji ne kawai ke riƙe motar, kuma tsohon inji a kan gangare yana iya sakinta kaɗan-kaɗan. Yaro ɗaya da ya shiga yana kwaikwayon tuƙin babansa ya isa ya mayar da ita firi. Masu otomatik kuma su ce sun sa ta a P. Abin da ke riƙe mota a P wani ɗan haƙorin ƙarfe ne a cikin giyabos, wanda bai wuce girman yatsa ba. Shi ake ɗora wa nauyin motar da ta haura tan ɗaya. Wannan ƙarar "gau" da ake ji in an cire mota daga P a kan gangare, haƙorin ne ke fita da ƙyar saboda nauyin da aka jibga masa.

Ko a ƙasashen da ake ƙera motocin an ga illar dogaro da abu ɗaya. A ranar 19 ga Yunin 2016, ɗan fim ɗin Amurka Anton Yelchin, mai shekara 27, ya rasu a gidansa da ke Los Angeles bayan motarsa ƙirar Jeep Grand Cherokee ta gangaro ta matse shi da ginshiƙin ƙofa. Watanni biyu kafin nan kamfanin ya yi kiranyen motoci sama da miliyan ɗaya, har da irin tasa, saboda sandar giyarsu tana ruɗar direbobi su zaci sun sa P alhali ba su sa ba.

Darasin ya fi fitowa fili a wani hatsarin jirgin ƙasa, domin shi ma birki biyu gare shi, na iska da na hannu. A daren 5 ga Yulin 2013 aka ajiye wani jirgi ɗauke da ɗanyen mai a kan gangare a lardin Quebec na Kanada. An ɗaure birkin hannu bakwai kacal, aka bar sauran aikin ga birkin iska. Da aka kashe injin saboda gobara, iskar ta tsiyaye, jirgin ya gangaro kimanin kilomita 11 ba direba, ya kife a tsakiyar garin Lac-Megantic. Mutum 47 suka mutu. Birkin da ake ganin na ko-ta-kwana ne, ranar da babban ya gaza shi kaɗai ya rage, kuma bai isa ba.

Wani zai ce Kano da Katsina da Maiduguri shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, wannan damuwar mutanen Jos da Abuja ce, ko masu bin Hawan Kibo da hanyar Mambila. To amma mota ba ta buƙatar tsauni kafin ta motsa. Ɗan tudun simintin da muke yi a ƙofar gida don kada ruwa ya shigo ya ishe ta. Haka bakin kwalbati. Haka lokacin da aka ɗaga ta a jak don canza taya. Kuma motar da ke Kano yau, gobe tana iya kai amarya Jos.

Gane ko naka yana da lafiya bai buƙatar bakanike. Ja sandar a hankali ba tare da danna maɓallin ba, ka ƙirga ƙas-ƙas ɗin da take yi. A yawancin ƙananan motoci ya kamata ta kama gam a wajen 5 zuwa 8, ainihin adadin kuma yana cikin littafin motar. In ta wuce 10 tana tafiya, akwai gyara. Gwaji na biyu: nemi ɗan gangare inda babu kowa gaba da baya, ja birkin hannu, sa motar a firi, sannan ka ɗaga ƙafa daga birki sannu a hankali kana shirye ka sake takawa. In ta motsa, ka samu amsa.

A wajen gyara kuma akwai kuskuren da ya yi yawa a garejinmu. Da ka ce birkin hannu ya saki, sai yaron gareji ya ɗauko sifana ya ɗaure notin kebur, minti biyar ya ce an gama. Alhali sau da yawa shu ɗin birkin baya ne ya cinye ko ya yi nisa da dirom. Aikin ƙwarai daga tayoyin baya yake farawa: a sa weji a tayoyin gaba, a ɗaga bayan motar a tokare ta da abin da ya fi jak aminci, a sauke sandar, a duba shu. In ya cinye a canza, in da saura a saita shi har ya fara gogar dirom, sannan a ɗan sassauta. Sai bayan haka a koma kan notin kebur, wanda ke gindin sandar ko a ƙarƙashin motar.

Kada ka biya kuɗi sai ka ga abu biyu da idonka. In an ja sandar, tayoyin baya biyu su kama daidai wa daida. In an sauke ta, su juya da hannu ba tare da riƙewa ba. Kebur ɗin da aka ɗaure fiye da kima yana sa birki ya riƙa goga kana tafiya, dirom ya ɗau zafi, shu ya ƙone, motar ta ƙara shan mai. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ba wanda ke da man da zai ƙona a banza. Masu sababbin motoci da birkinsu maɓalli ne na lantarki kuwa, su nemi bakaniken da ke da na'urar kwamfuta, domin tura fistin ɗin da ƙarfi yana lalata ɗan injin da ke cikinsa.

Akwai inda masu weji suke da gaskiya. In za a ajiye mota makonni, musamman da damina ko bayan ta ratsa ruwa, shu yana iya mannewa da dirom saboda tsatsa. A nan barin ta a giya da weji ya fi. Babbar mota mai lodi a kan gangare ita ma tana buƙatar weji ƙari a kan birkinta. Amma a zirga-zirgar yau da kullum, rashin jan birkin ne ke kashe shi, domin kebur ɗin da ba ya motsi tsatsa ke cinye shi. A ja shi kullum, kuma a otomatik a ja shi kafin a sa P, don nauyin ya sauka a kansa.

Ranar da birkin ƙafa ya tsinke ana tafiya, shi ne abin da ya rage tare da rage giya. A danne maɓallin a riƙa ja a hankali, domin fizgar sa lokaci ɗaya na iya kulle tayoyin baya motar ta juya.

Hukumomi ma suna da nasu. A Birtaniya, motar da birkin ajiyarta bai kama ba ba ta cin gwajin shekara-shekara. A nan kuwa ba sabon abu ba ne a karɓi takardar ingancin mota ba tare da wani ya leƙa motar ba. Jami'an VIO da na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, ba sa buƙatar wata na'ura kafin su ce wa direba ya ja sanda su gani. Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW ma za su iya yin wannan a tasha kafin mota ta shiga layin lodi.

Kafin su yi, mai mota ya fara da tasa. Gobe da safe, kafin ka tayar da inji, ja sandar ka ƙirga.