Harajin hayaƙi na Turai: wanda bai auna nasa ba, wani zai auna masa

Duk ɗan Nijar da ke zaune a Abijan, Tiripoli ko Marsai yana aiko kuɗin gini gida ya san farashin siminti kamar yadda ya san sunansa. A watan Oktoban 2024, da gwamnati ta rage farashin, tan ɗaya ya koma jika 55 a Yamai, aka yi ta tura labarin a WhatsApp har dare ya raba. Amma akwai wani farashi da ke manne da simintin nan wanda ba a rubuta shi a jikin buhu ba, wato farashin hayaƙin da aka fitar kafin a yi shi. Turai ta fara ɗora kuɗi a kan wannan hayaƙi a bakin iyakarta. Ra'ayina shi ne mu fara koyon lissafinsa tun yanzu, tun ba a kawo mana takardar biya ba.

Dokar da nake magana a kai sunanta CBAM da Turanci, MACF da Faransanci. Tarayyar Turai ta amince da ita a watan Mayun 2023. Daga 1 ga Oktoban 2023 zuwa ƙarshen 2025, masu shigar da kaya rahoto kawai suke bayarwa. Daga 1 ga Janairun 2026 aka shiga matakin biya. Kaya shida ta shafa: siminti, ƙarfe, alminiyum, takin zamani, wutar lantarki da iskar haidirojin. Wanda ya shigar da su Turai sai ya bayyana tan nawa na iskar kabon aka fitar wajen yin su, ya sayi takardun shaida daidai da haka, a kan farashin da masana'antun Turai ke biya a kasuwarsu ta hayaƙi, wadda aka buɗe tun 2005.

Farashin tan ɗaya na hayaƙi a wannan kasuwa ya haura yuro 100 a watan Fabrairun 2023, kuma a shekarun nan galibi yana yawo tsakanin yuro 60 da 90. Mu ɗauki 75. Tan ɗaya na siminti yana fitar da kimanin kilo 600 na iskar kabon, wato yuro 45 ke nan, kusan jika 30 na sefa. Ya fi rabin farashin tan ɗin a Yamai. Simintin da ake sayarwa a cikin Nijar ba ya biyan wannan kuɗi, na kawo misalin ne don mai karatu ya ga nauyin abin. Kuma ba a lokaci ɗaya za a ɗora shi duka ba. Masana'antun Turai sun daɗe suna samun takardun hayaƙi kyauta, ana janye kyautar sannu a hankali: kashi 2.5 cikin 100 a 2026, kashi 48.5 a 2030, sai a kammala a 2034. Yadda ake janye ta, haka kuɗin bakin iyaka ke hawa.

A yi wa Turawa adalci, suna da hujja. Siminti kaɗai yana fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon ta duniya, ƙarfe ma kusan haka. Idan ka tilasta wa masana'antarka biyan kuɗin hayaƙi, ka bar ƙofa a buɗe ga kayan da ba su biya komai ba, masana'antar za ta rufe ko ta ƙaura, hayaƙin ya ci gaba da tashi a wata ƙasa. Mu kuma a Sahel ba mu da wata riba a ci gaban hayaƙi. Wanda ya ga ambaliyar daminar 2024 a Maraɗi, ya ga tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe a watan Satumban shekarar, ba ya buƙatar a yi masa wa'azi a kan sauyin yanayi.

Amma hujjar masu ƙorafi ma tana da ƙarfi. Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba. Yarjejeniyar yanayi ta 1992 ta yarda cewa nauyi na kowa ne amma ba ɗaya ba ne, wanda ya fi ɓatawa shi ya fi gyarawa. Tun 2001 Turai ta bai wa ƙasashe mafiya talauci, har da Nijar, damar shigar da kaya ba kuɗin fito in banda makamai. Sabuwar dokar ba ta ware waɗannan ƙasashe ba, kuma kuɗin da za a karɓa baitulmalin Turai za su shiga. Wani nazari da gidauniyar African Climate Foundation ta fitar a 2023 tare da jami'ar LSE ta Landan ya nuna cewa a hasashe mafi tsanani, arzikin Afirka na iya raguwa da kimanin dala biliyan 25. Mozambik mai alminiyum, Afirka ta Kudu mai ƙarfe, Masar, Aljeriya da Maroko masu taki da siminti, su ne a sahun gaba.

Ƙorafin an kai shi tarurrukan yanayi, an kai shi Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, dokar kuma ta fara aiki. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne abin da masu ƙorafin suka yi da suka koma gida. Dokar ta ce duk kuɗin hayaƙin da aka riga aka biya a ƙasar da aka yi kayan, za a cire shi daga abin da za a biya a Turai. Afirka ta Kudu tana da harajin kabon tun 2019. Birazil ta yi dokar kasuwar hayaƙi a Disamban 2024. Chaina ta shigar da ƙarfe, siminti da alminiyum cikin kasuwarta a 2025. Turkiyya ta yi dokar yanayi a watan Yulin 2025. Lissafinsu a fili yake: in dai dole a biya, gara kuɗin ya tsaya a gida. Irin wannan shawara ba a wajen gangami ake samun ta ba. Wani ne ya zauna ya karanta dokar sashe bayan sashe, ya ga ƙofar, ya kai wa minista.

Wannan shi ne aikin mai nazarin manufofi, kuma shi ne maƙasudin rubutun nan. Aiki ne marar kwalliya. Mutum ya ɗauki jerin lambobin kaya na duwan ya gwada da jerin da ke cikin dokar, ya ga waɗanne kayan ƙasarsa suka faɗa ciki. Ya je masana'anta ya tambayi kwal nawa ake ƙonawa, lantarki nawa ake ci, daga ina wutar take. Ya lissafa hayaƙin tan ɗaya, ya gwada da na abokan gasa. Ya duba wa zai yi asara, wa zai ci riba, ma'aikata nawa abin zai taɓa. Daga ƙarshe ya taƙaita shi a shafi biyu da mai yanke shawara zai iya karantawa a cikin mota. Turai tana da irin waɗannan mutane da yawa, a cibiyoyi kamar Bruegel ta Burusel. Afirka ta Kudu tana da cibiyar TIPS a Piretoriya, Indiya tana da CSE a Delhi. Shi ya sa idan wakilansu suka yi magana, da alƙaluma a hannu suke yi.

Dokar kanta tana hukunta wanda bai yi awo ba. Masana'antar da ta kasa gabatar da ainihin alƙaluman hayaƙinta, waɗanda mai tantancewa da Turai ta amince da shi ya duba, sai a ɗora mata adadin da hukumar Turai ta ƙiyasta wa ƙasarta, a kuma ƙara wani kaso a kai. Ko da injinka sabo ne mai tsabta, in ba ka da takarda, kuɗin mai tsohon inji za ka biya. Duk wanda ya taɓa kai albasa kasuwa ya bar dillali shi kaɗai da ma'auni ya san yadda labarin ke ƙarewa.

Na san mai karatu zai ce: ina ruwan Nijar? Ba mu kai siminti ko ƙarfe Turai. Yuraniyom, zinariya, ɗanyen mai, albasa da dabbobi ba su cikin jerin. Gaskiya ne, kuma ba zan ƙara wa miya gishiri ba, yau dokar ba ta taɓa aljihunmu kai tsaye. Amma akwai hanyoyi huɗu da nake ganin za ta iso mu.

Ta farko, kayan da suka rasa kasuwa a Turai sai sun nemi wata. Ƙasashen gaɓar Afirka ta Yamma sun daɗe suna sayen kilinka, wato ƙonannen dutsen da ake niƙawa a yi siminti, daga Turkiyya, Masar da Aljeriya. Idan mai tsabta ya tafi Turai, mai datti zai gangaro mana da arha. Mai gini zai ji daɗi na ɗan lokaci, amma masana'antar Malbaza, da ke aiki tun shekarun 1960, da ita da ma'aikatanta ne za su sha gasar. Wa zai lissafa mana inda riba ta tsaya da inda asara ta fara?

Ta biyu, tsofaffin ƙarafa. Ƙarfen da aka narkar daga tsoho a murhun lantarki hayaƙinsa bai kai rabin na wanda aka yi daga tama da kwal ba. Saboda haka tarkacen ƙarfe da alminiyum da samarinmu ke tarawa a amalanke, ana loda su a manyan motoci ana fita da su, darajarsu ƙaruwa za ta yi. Ya kamata a san tan nawa ke fita a shekara da kuma nawa muke samu a kai, kafin a yanke shawarar a bar su su fita ko a narkar da su a gida.

Ta uku, man fetur. A 2024 Turai ta yi wata doka daban a kan iskar metan da ke tsiyaya daga rijiyoyin mai da gas. Kamar yadda aka rubuta ta, daga 2027 sababbin kwangilolin shigar da mai sai sun nuna ana awo da tantancewa irin na Turai, daga 2030 kuma za a sa iyaka. A shekarar 2024 ɗin ne bututun Agadem zuwa Seme na Benin, mai kusan kilomita 2,000, ya fara aiki. Duk gangar da za ta nufi Turai, tambayar awo na jiran ta.

Ta huɗu, jerin zai faɗaɗa. Birtaniya za ta fara nata harajin a Janairun 2027. Hukumar Turai ta gabatar da shawarar ƙara kayan da aka ƙera da ƙarfe da alminiyum, kamar injuna da kayan gida. Manyan bankunan raya ƙasa da yawa sun daina ba da bashin tashar kwal, Chaina ma ta sanar a 2021 cewa ta daina gina sababbi a ƙasashen waje. Masana'antar da za a gina bana za ta yi shekara 30 ko 40 tana aiki, a duniyar da hayaƙi ke da farashi.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Ba na cikin masu cewa Nijar ta bar kwal ɗinta a ƙasa don a yaba mata a taro. Tashar Sonichar ta Anu Araren ta riƙe arewacin ƙasar tun farkon shekarun 1980. Mun kuma ga abin da dogaro da wutar maƙwabta ya jawo mana a watan Agustan 2023, lokacin da aka yanke layin Najeriya. Ƙasar da yawancin mutanenta ba su da lantarki tana da haƙƙin neman sa ta kowace hanya. Abin da nake cewa shi ne a zaɓa da ido buɗe. Idan za a haɗa kwal da hasken rana irin na Goru Banda, mai megawat 30, da ruwan Kandaji idan an gama shi, a san hayaƙin kowane kilowat, domin a siminti da taki dokar Turai har hayaƙin wutar da aka ci take ƙirgawa.

Akwai ma dama a ciki. Fiye da rabin hayaƙin siminti daga ƙona dutsen farar ƙasa yake fitowa, ko da wane makamashi aka yi amfani. Masu bincike a Suwizalan, Kuba da Indiya sun samar da siminti mai suna LC3, wanda ake maye gurbin kusan rabin kilinka da gasasshen yumɓu da niƙaƙƙen dutse, hayaƙi ya ragu da kashi 30 zuwa 40 cikin 100. An riga an gina masana'antun gasa yumɓu a Abijan, a Kribi ta Kamaru da Tema ta Gana. Su ba tsoron Turai ya sa su ba, tsadar kilinkan da suke sayowa daga waje ce. Yumɓu kuwa ba baƙonmu ba ne. Ko namu ya dace da wannan aiki, ɗakin gwaji ne zai faɗa, kuma gwajin bai fi ƙarfin makarantar EMIG ko jami'ar Abdu Mumuni ba.

Tubalin ginin yana nan. Yamai ce mazaunin AGRHYMET da ACMAD, cibiyoyin nazarin yanayi na yanki da na nahiya. Muna da hukumar CNEDD mai kula da ƙididdigar hayaƙin ƙasa, muna da hukumar ƙididdiga ta INS. A Yamai aka ƙaddamar da kasuwar bai ɗaya ta Afirka, ZLECAf, a watan Yulin 2019. Abin da ya rage shi ne a zaunar da masanin yanayi, injiniyan masana'anta, jami'in duwan da lauyan ciniki a tebur ɗaya. Shawarata ita ce ma'aikatar kasuwanci ta kafa ƙaramin rukuni, ko mutum biyar ne, aikinsu kawai bin waɗannan dokoki da buga rahoton da kowa zai iya karantawa. Manyan masana'antu su fara auna hayaƙinsu duk shekara. Jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram su riƙa bai wa ɗalibai irin waɗannan batutuwa a kundin kammala karatu.

Ga matasa masu digirin tattalin arziki, lauya ko kimiyya da ke zaune a fada suna jiran jarrabawar ɗaukar aiki: dokar tana intanet da Faransanci, kyauta. Kamfanonin da ke ciniki da Turai, daga Kazabalanka zuwa Legas, suna buƙatar wanda ya iya lissafin hayaƙin tan ɗaya. Ga ƴan uwanmu da ke aiki a masana'antu da ofisoshin Turai da Kanada kuma, abin da kuke gani kullum a wurin aiki ilimi ne da gida ke buƙata. Ku aiko shi tare da kuɗin simintin.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Cikakken kuɗin zai hau a 2034, yaron da ya shiga jami'a bana zai kai ga zama ƙwararre kafin nan, in an nuna masa hanya.