Yaro ya shekara biyu bai yi magana ba? A duba kunnensa

Jama'a, akwai maganar da nake yawan ji a Filinge da sauran garuruwan Kurfai: "Ƙyale shi, ubansa ma bai yi magana da wuri ba." Wasu kuma su ce yawan harsuna ne ya rikita yaron, Hausa a gida, Zabarmanci a maƙwabta, Buzanci a kasuwa. Ni ban yarda ba. Yaro na iya tashi da harshe biyu ko uku lafiya lau.

Ga ma'aunin da likitoci ke bi: a shekara ɗaya yaro na gwalantu, yana juyowa in an kira sunansa. A shekara 2 yana haɗa kalma biyu, kamar "ba ni". In hakan bai samu ba, kunne ne farkon abin dubawa. Ƙasarmu tana yankin sanƙarau, kuma sanƙarau da ƙyanda da kunnen da ke zubar da ruwa duk suna rage ji. Yaron da bai ji ba, ta yaya zai maimaita? Tamowa ma na jinkirta shi.

To ku matasan Yamai, in kun je gida ku lura da ƙannenku. Ku kira sunan yaro daga bayansa ku gani. In bai juyo ba, a kai shi CSI, a nemi takardar zuwa wurin likitan kunne a Yamai, tafiyar kusan kilomita 180. Ko ya tabbata kurma ne, akwai makarantar kurame ta Hassane Bana Ba.

Kuma don Allah a rage miƙa wa jinjiri salula. A yi masa hira, a yi masa tatsuniya.