Hausar Bishara Ma Hausa Ce

Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Daga baya rediyon ELWA, wanda aka buɗe a Laberiya a 1954, ya riƙa watsa shirye-shirye da harshenmu, aka kuma juya fim ɗin Yesu na 1979 zuwa Hausa. Duk da haka, ba kasafai manazarta suke leƙa wannan rumbu ba.

Ina ganin hasara ce. A ciki ake ganin yadda "bishara" ta Larabci ta zauna da "ikilisiya" da "baftisma" masu asalin Girkanci, da yadda aka zaɓi "Yesu" maimakon "Isa". Mai nazarin harshe ba alƙalin addini ba ne. Ko'ina Hausa ta yi magana, wajibinsa ne ya saurara.