Kasuwar Sinadaran Bincike: Sayen Nagari Mai da Kuɗi Gida

Akwai wata haja da ake sayarwa cikin 'yar kwalbar da ba ta kai ɗan yatsa ba, amma kuɗinta kan kai ɗaruruwan daloli. Wannan haja ita ce sinadarin garkuwar jiki, wanda galibi ake samowa daga zomaye ko ɓeraye. Aikinsa shi ne ya manne wa furotin guda ɗaya tak a cikin dubbai, domin mai bincike ya san inda furotin ɗin yake da kuma yawansa.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ake farauta da shi shi ne METTL3, wani enzayim na jikin ɗan Adam da ke liƙa alama a kan RNA, wato saƙon da ke ɗauko umarni daga DNA zuwa inda ake ƙera furotin. An gano alamar a 1974, shi kuma enzayim ɗin a 1997. Daga baya bincike ya alaƙanta shi da wani nau'in sankarar jini, har kamfanin STORM Therapeutics na Ingila ya soma gwada maganin da ke daƙile shi a kan marasa lafiya a 2022.

Kasuwar ba ƙarama ba ce. A 2023 kamfanin Danaher na Amurka ya sayi Abcam, wanda ya yi fice a wannan sana'a, a kan dala biliyan 5.7. Sai dai a wannan shekarar ce kuma masana a Kanada suka gwada irin waɗannan sinadarai 614, suka tarar fiye da rabinsu sun gaza a aƙalla gwaji ɗaya. Sinadarin da ya manne wa furotin da ba nasa ba, asarar kuɗi ne da ta shekaru, domin duk sakamakon da aka gina a kansa ya rushe.

Don haka ya wajaba 'yan kasuwar Nijeriya masu shigo da kayan ɗakunan gwaje-gwaje su daina duban farashi kaɗai. Kafin su biya, su nemi shaidar cewa an gwada sinadarin a ƙwayoyin halittar da aka cire wa wannan enzayim, kuma bai manne wa komai ba. Su kuma tabbatar hajar ba ta rabu da sanyi ba tun daga masana'anta har hannun mai saye. Jami'ar da ta sha wahalar neman kuɗin waje ba za ta koma wa dillalin da ya cuce ta ba, alhali wanda ya riƙe amana ya samu abokin ciniki na dindindin.