Labaran Maɗigo a Novel: Daga Ina Marubuta Ke Samo Su?

Masu bin novel a WhatsApp da Wattpad, daga nan Bakori har Funtua da Malumfashi, kun ga yadda labaran maɗigo suka yawaita. Kusan duk tubali ɗaya ne: makarantar kwana, ko wata hajiya mai kuɗi da ke jan yarinya da waya da atamfa. Marubuciyar kan buɗe da cewa labarin gaskiya ne, wata baiwar Allah ta ba ta don faɗakarwa. Ƙarshensa kuwa cuta ko tuba. Matsalar fa, babi talatin ana zuba zance ba kunya, wa'azin shafi biyu. Kuma sai ka biya kafin ka karanta!

Chinelo Okparanta, haifaffiyar Fatakwal mazauniyar Amurka, wata hanya ta bi. Littafinta Under the Udala Trees na 2015 ya taso ne daga labaran yaƙin Biyafara da mahaifiyarta ke ba ta, ga kuma dokar 2014 da Jonathan ya sa wa hannu, mai ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi. Yarinyar da Ijeoma ta so a littafin Bahaushiya ce, Amina. Ita ba ta fake da faɗakarwa ba; a fili take goyon bayansu, abin da jama'armu ba za su karɓa ba.

Namu kuwa, Hukumar Tace Fina-finai ta Kano tana iya tare littafin kasuwa, amma wanda ke wayar ƙanwarka da tsakar dare wa zai tace shi?